Ƙiba da Ƙarfi: Nasiha ga Masu Ɗaga Ƙarfe



Watakila wani ya yi mamaki, me ya kai malamin Hausa ga maganar abincin masu ɗaga ƙarfe? To, abin da na gani ne a unguwar Badariya ta nan Birnin Kebbi. Da yamma sai ka tarar da samari sun zuba siminti cikin gwangwanaye biyu, sun soka sandan ƙarfe a tsakani, suna ɗagawa. Wani ɗalibina da ke cikinsu ya kawo mini kuka, cewa ya yi wata shida yana cin kwano biyu don ya yi ƙwanji, amma teɓa ce ta riga damtse fitowa.

Bari mu fara da harshe. Bahaushe bai haɗa ƙiba da ƙarfi ba. Yana da kalmar tsoka, yana da kalmar kitse. In ya ce mutum murɗaɗɗe ne, ya yabe shi ke nan; in kuwa ya ce ya ajiye tumbi, to maganar ta koma ta hutu da wadata. Wannan bambanci shi ne dukkan laccarmu ta yau.

Mu Kabawa ba baƙin ƙarfafa ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin, ya ƙunshi kokawa da tseren kwalekwale. Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Ɗan kokawar dauri yakan ci tuwo, ya sha fura da nono ba da awo ba, gaskiya ne. Amma a tuna, bayan kaka ake buɗe fage, wato bayan ya yi damina sukutum yana huɗa da noma da girbi. Gona ta riga ta ƙone abin da ya ci. Ɗalibi ko ma'aikacin ofis da ya wuni kan kujera, ya ɗaga ƙarfe na awa guda, sa'an nan ya ce zai yi cin manomi, ya ari cokalin ne ya bar fartanyar.

Haka nan wanda ya ƙuntata wa cikinsa don tsoron teɓa, shi ma ya ɓata, domin da ruwan ciki akan ja na rijiya. Tsoka ba ta ginuwa sai jiki ya sami ɗan rara bisa abin da yake ƙonawa. Masana sun nuna rarar ba ta da yawa: kalori 300 zuwa 500 a yini ta isa, kuma gyaɗa giram 50 kaɗai ta kusa kai 300. Tsoka a hankali take tofo, duk abin da ya haura buƙatarta kitse zai zama.

Abu na biyu shi ne irin abincin. Wani babban nazari da aka buga a 2018 ya nuna cewa mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, kifi giram 100 yana da wajen 20, busasshen wake giram 100 ya haura 20. Ƙuliƙuli kuwa ya fi gyaɗa dacewa, tun da an matse mansa. Allah ya hore mana kifin Rima da nonon Fulani da wake. Illarmu ita ce mu cika kwano da shinkafa, mu malala mai, mu ɗora tsokar kifi guda kamar ado. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, alhali na hatsi ko na furotin 4 ne kawai.

Ina kuma jan kunnen samari game da ƙwayoyin ƙiba da ake sha ba da izinin likita ba. Daga cikinsu akwai masu tara ruwa da kitse, su kumbura fuska, su jawo hawan jini da ciwon sukari, su kuma zaizaye tsokar da ake nema. Kallon kitse ne ake yi wa rogo.

To, yaya mutum zai gane yana kan hanya? Ba ya buƙatar wata na'ura sai igiya. Ya auna tsawonsa da ita, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai saman cibiya. In ta haɗu, madalla. In ta kasa, ƙugunsa ya wuce rabin tsawonsa, sai ya rage mai da zaƙi. In ƙarfen da yake ɗagawa yana ƙaruwa wata bayan wata, igiyar kuma ba ta matse ba, to tsoka yake ginawa.

Abin da na faɗa wa ɗalibin nan ke nan, shi ne kuma nake bar muku. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.