Aikin Hannu Lokacin Rani

Ga kaka ta wuce, dawa da gero sun shiga rumbu. To, daga yanzu har ruwa ya sauka, me za ka yi da yammacinka?

Wani dara zai buga a gindin bishiya, gurbi talatin, kowa da 'ya'ya goma sha biyu. Ba laifi, tana wasa hankali. Amma da an sa kuɗi ta zama caca, caca kuwa ta kan cinye rumbu tun damina ba ta zo ba.

Ka dubi ɗinkin hula. Jarinsa allura da zare da farin ƙyalle. Ka kai wa mai zane ya zana maka, ka riƙa bin zanen kamar yadda ka ke bin layi cikin littafi. Kana hira, kana ɗinki. In ta ƙare, ka ba mai wankin hula ya gyara ta. Sa'an nan ko ka sa ran Salla, ko ka kai kasuwar Gwarzo ka sami kuɗin taki.

Ta fari ba lalle ta yi kyau ba. Kada ka fasa, sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu sa'a, amin.