KAFIN UBA YA SA HANNU A TAKARDAR LIKITA

Wannan lacca ce da aka shirya domin iyayen yara na Mpape, garin masu fasa dutse da ke bisa tudu a bayan Maitama. An kawo ta nan saboda 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran biranen Kurmi.

Jama'a, yawancin mutane sun ɗauka ciwon sukari na dattawa ne masu ƙiba. To, akwai wani iri da kan kama yara. A bayan tumbi akwai wata gaɓa mai fitar da sinadarin insulin, wanda shi ke shigar da sukarin abinci cikin tsoka. In gaɓar nan ta daina aiki, sai sukari ya taru a jini. Yaro ya riƙa shan ruwa ba ya ƙoshi, ya yawaita fitsari, wanda ya bar fitsarin kwance ya koma masa, ya rame alhali kuwa yana cin abinci. In aka yi sakaci sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, daga nan sai suma. Sau da yawa a nan ne akan ce zazzaɓin cizon sauro ne ko iska, a yi ta magani ba bisa hanya ba, alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa ya nuna gaskiya.

Kafin shekarar 1921 irin wannan yaro ba ya daɗewa. A shekarar ce Banting da Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, cikin Janairu 1922 kuma aka yi wa wani yaro, Leonard Thompson, allurar farko. Ta farkon ba ta yi kyau ba, sai da aka ƙara tace maganin sannan ya farfaɗo. Watau duk yaron da ke rayuwa da allurar nan yau, yana cin moriyar wani uba da ya yarda aka gwada a kan ɗansa.

Amma Bahaushe yana da dalilin ɗari-ɗari, ba kuwa za a ɓoye shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana na Kano ya yi gwaji a kan yara wajen 200. Rabinsu aka ba su sabon magani mai suna Trovan, rabi kuma maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Kamfanin ya ce an nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75. Ɗacin wannan al'amari na cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, yaran da ba su ji ba su gani ba suka biya bashin.

Bayan wannan ne aka ɗaure al'amarin da doka. Ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa sun fito a 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa su. Ba likitan da zai fara bincike sai kwamitin ɗa'a ya duba shirinsa, in kuwa gwajin magani ne sai da izinin hukumar NAFDAC.

To, mene ne haƙƙin uba? Lalle a yi masa bayani da harshen da yake ji. Wannan ya fi shafar mazauna Kurmi, inda takarda ke zuwa da Turanci, likita kuma ba ya jin Hausa. Kada kunya ta sa mutum ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba. Ya nemi tafinta wanda ya amince da shi, ya tafi da takardar gida, ya shawarci uwar yaron, don ita ce za ta riƙa tashi da dare. Ya tambaya: jini nawa za a ɗiba, ina za a kai shi, wa zai biya in wata lahani ta auku, kuma in bincike ya ƙare, wa zai ci gaba da ba da insulin? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi ga talaka, domin insulin kyauta kan ja uba ya yarda da abin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba. Yaro mai wayo shi ma a nemi yardarsa. Wanda ya ƙi, ko ya shiga ya fita, ba a hana ɗansa magani.

Har ila yau ba kowane bincike ne gwajin sabon magani ba. Wani ƙidaya ce kawai da awon jini da tsawo. Irin wannan awo ne ya nuna yawan maƙoƙo a ƙasar nan, har aka wajabta sa aidin a gishiri a 1993. Wani binciken da aka buga a 2016 ya auna tukwanen ƙasa da ake ajiye insulin a ƙasashe masu zafi irin su Sudan, ya tabbatar suna rage zafi ƙwarai. Ga gidan da ba firiji a Mpape ko Agege, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Likitocin yara masu wannan fanni kaɗan ne, shi ya sa aka buɗe cibiyar horar da su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko da ke Idi-Araba, maƙwabtan unguwar Hausawa. Mutumin Mpape kuwa, in aka tura shi gaba, zai sami sashen yara a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada. Ya riƙe katin yaron da kwafin duk takardar da ya sa wa hannu, tare da sunan kwamitin da ya ba da izini.