Tiyatar ɗaga nono: ki san abin da za ki shiga kafin ki yaye ɗanki ko ki kwanta gaban likita

 Maganar yau da ke nake, 'yar'uwa, amma maigida ma ya matso kusa, don da shi a ciki.

Saƙonni sun yi yawa a kan abu guda: nono ya zube bayan haihuwa, ina mafita? Masu sayar da kayan mata a WhatsApp da TikTok suna tallan man shafawa da sabulu, wasu kuma suna tallan tiyata a Accra ko Turkiyya. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne jin cewa wasu matan suna yaye jariri tun yana wata uku ko huɗu, wai don kada nono ya kwanta.

To, bari mu fara da gaskiyar lamarin. Nono ba tsoka ba ne. Kitse ne da jijiyoyin ruwan nono, sai fata da wasu siraran zaruruwa da ke riƙe da shi. Idan mace ta ɗauki ciki, nono yakan cika ya yi nauyi, fata ta miƙe. Bayan haihuwa ya sake raguwa, fatar kuwa ba ta komawa yadda take. Wani likitan tiyata a Jami'ar Kentucky ta Amurka, Brian Rinker, ya binciki mata 132, ya tarar cewa abubuwan da ke kawo zubewar su ne shekaru, da yawan ɗaukar ciki, da shan taba, da ƙiba, da girman nonon tun asali. Shayarwa ba ta cikin jerin. Kin ji ko? Cikin ne ya riga ya yi aikinsa. In kin hana yaro nono, kin cuce shi ne a banza. Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa a ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba har shekara 2, kuma addininmu ma shekara biyun ya ambata.

Man shafawa fa? Babu man da zai ɗaga fatar da ta riga ta saki. Motsa jiki na ƙarfafa tsokar ƙirji da ke ƙarƙashi, rigar mama mai kyau na tallafa wa nauyi, amma ba su mayar da nono na budurci. Kuɗinki kawai za a ci.

Ita tiyatar, ga yadda take. Ana sa mace barci da allura, aikin kan ɗauki awa biyu zuwa uku. Likita zai yanke fatar da ta yi yawa, ya tattara naman, ya matsar da kan nono sama, ya ɗinke. Ba ta ƙara girma, siffa kawai take gyarawa. Kuma dole a bar tabo: zagaye da kan nono, sau da yawa har da layi zuwa ƙasa. Mu baƙar fata mun fi saurin samun tabon nan mai kumbura ya yi tudu, don haka in kin san hujin kunne ma ya taɓa yi miki haka, ki faɗa wa likita. Akwai haɗarin zubar jini, da ruɓewar ciwo, da mutuwar ji a kan nono, wani lokacin ma shayarwa ta yi wuya daga baya. Sannan in kika sake ɗaukar ciki, nonon na iya komawa gidan jiya. Shi ya sa likitoci ke cewa a bari sai an gama haihuwa.

Kada ki ce ai ƙaramin aiki ne. A watan Oktoba na 2005, Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na lokacin, ta rasu a ƙasar Sifen bayan tiyatar rage kitse. Kuɗi da muƙami ba su hana ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

In kin yanke shawara duk da haka, ki yi tambaya uku. Likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Ghana, kuma ƙwararre ne a wannan fanni? Asibitin yana da lasisin hukumar HeFRA? Wa zai duba ki in ciwo ya tashi bayan kin dawo gida? A Ghana akwai ƙwararrun wannan aiki a asibitin Korle Bu da ke Accra da na Komfo Anokye a Kumasi. Ki kuma sani katin inshorar lafiya na NHIS ba ya biyan tiyatar kwalliya, daga aljihunki ne. Ta fuskar addini, malamai na bambanta gyaran lahani ko cuta da gyara don ado kawai, sai ki tambayi malamin da kika amince da shi.

Akwai canjin da ba a jira da shi. In kin taɓa kin ji ƙullutu, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta yi kamar ɓawon lemo, wannan ba maganar kwalliya ba ce. Ki tafi Asibitin Koyarwa na Tamale ko asibiti mafi kusa a duba ki, don sankarar mama an fi cin ƙarfinta in an gano ta da wuri.

Kai kuma maigida, nonon nan 'ya'yanka ya ciyar. Gori da barazanar kishiya su ne ke tura mata hannun 'yan damfara. Ka kyautata harshenka.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, ba za mu ambaci sunan kowa ba. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.