Kwamfutar da ke yawan mutuwa: a nemi dalili kafin a goge ta

Jawabin kwamitin ilimi ga taron malaman Tambuwal da Kebbe

Shugaban taro, shugabannin rassan ƙungiyarmu ta NUT, shugabannin makarantu, iyayenmu mata, 'yan uwa malamai, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi.

Maganar da aka ɗora mana a yau ita ce kwamfutar girke ta ofishin makaranta ko ɗakin koyon na'ura, wadda ke mutuwa ana tsakiyar aiki, ko ta daskare, ko ta nuna shuɗin allo ta sake tashi da kanta. Abin ya shafe mu kai tsaye. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, jarrabawar ƙwarewa ta hukumar TRCN ma a kanta malami ke zama, kuma makin ɗalibai da rajistarsu suna ƙara komawa cikinta. Yaron da na'urar makarantarsu ta shekara a kulle zai fara taɓa linzami ne ranar jarrabawa.

Abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyara ya goge komai ya sake ɗora Windows. Sai ta yi mako biyu lafiya, ta koma gidan jiya, alhali makin zango ya tafi tare da gugar. Gogewa tana maganin ciwon manhaja ne kawai. Idan ciwon na wuta ne ko zafi ko ƙarfen na'urar, ko sau goma aka goge zai dawo. Kowace mutuwa da ke maimaituwa tana da dalili, kuma malami na iya gano shi da littafi da biro da haƙuri.

Kafin a taɓa komai, a kwafe bayanai. Maki da rajista da wasiƙu su kasance a filashi ko faifan waje, kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a hannun shugaban makaranta. Bayan haka a ajiye littafi kusa da na'urar. Duk lokacin da ta mutu a rubuta rana da lokaci, da aikin da ake yi, da irin wutar da take kai, ta gari ce ko janareto ko sola, da saƙon da ya fito a allo. Shuɗin allo yana ɗauke da sunan matsalar, a ɗauki hotonsa da waya. Mako biyu sun isa littafin ya nuna inda bakin zaren yake.

Wuta ce abin zargi na farko a yankinmu. Ma'aunin wutar ƙasar nan bolt 230 ne, amma kowa ya ga yadda ƙwai ke dishewa idan ta yi ƙasa, ko aka jona injin ruwa ko dutsen guga a ƙaramin janareto. A cikin kwamfuta akwai akwatin da ke mayar da wannan wuta bolt 12 da 5 da 3.3, kuma hawa da saukar wuta na gajiyar da shi. Alamarsa ita ce na'urar ta ɗauke ɗif ba saƙo, ko ta sake tashi daidai lokacin da aka sauya layi. Maganin shi ne sitabilaiza da UPS mai lafiyayyen batir, da soket wanda ba ya rawa. Kada kowa ya buɗe wannan akwati ko da an cire wuta, domin yana riƙe caji mai haɗari. Sauya shi ake yi.

Na biyu zafi ne da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin jihar Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma kafin nan hunturu ya riga ya cika fankoki da ƙura. Ƙwaƙwalwar na'urar kan rage gudu ko ta kashe kanta idan zafinta ya kusa digiri 100, don kada ta ƙone. In littafi ya nuna tana aiki lafiya da safe, ta mutu bayan azahar ko bayan rabin awa da kunnawa, ga kuma fanka na ƙara, to zafi ne. A cire waya daga bango, a buɗe murfin gefe, a hure ƙurar da bulowa ana riƙe da fanka da yatsa, ba ruwa ba jiƙaƙƙen tsumma. A taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa kayan ciki, saboda tartsatsin nan da ke fisgar hannu lokacin hunturu yana iya lalata su. A ɗaga ta daga ƙasa, a matsar da ita daga bango, kuma kada a bar ta lulluɓe tana aiki.

Na uku shi ne RAM, ma'ajiyar da na'ura ke riƙe aikin da ke hannunta. Ƙura ko jijjigar hanya kan sa sandunansa su saki. Alamarsa shuɗin allo ne mai sauya suna, yau wannan gobe wancan. A cire sandan a mayar da shi har ya ce ƙas. In biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Windows na da magwajinsa, ana rubuta mdsched a wurin bincike ya fito.

Na huɗu faifan ajiya ne. Idan na'urar na jan ƙafa wajen tashi, fayiloli na ƙin buɗuwa, ko ana jin ƙas-ƙas daga ciki, faifan na ban kwana, sai a gaggauta kwafe abin da ya rage. Idan kuma kwanan wata na komawa baya duk safiya, ƙaramin batir ne mai kama da kwabo, CR2032, ya ƙare, kuma masu gyaran agogo ma kan sayar da shi.

Sai an wanke waɗannan huɗu ake tuhumar manhaja. A tambaya: me aka ɗora kafin ciwon ya fara? Sabuwar firinta ce, ko manhajar da aka kwaso a filashin wani? A cire ta a gani. A sani kuma kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka tsofaffin na'urori sun fi buƙatar takatsantsan da filashin baƙo. A duk wannan bincike abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a jira kwana biyu. Wanda ya sauya abu uku tare, ko ta warke bai san maganin ba.

'Yan uwa, wannan littafi kariya ce ga malami. Sau da yawa laifin lalacewa kan faɗa kan wanda ya taɓa na'urar a ƙarshe, har tsoron tuhuma ya sa a gwammace kulle ta a sito. Rubutaccen bayani na nuna wuta ce ko zafi, kuma shi ne hujjar da shugaban makaranta zai kai gaban kwamitin gudanarwa da ƙungiyar iyaye da malamai ya nemi kuɗin sitabilaiza. Mai gyara ma ba zai sayar muku da abin da ba ku buƙata ba.

Muna roƙon kowace makaranta ta buɗe littafinta a wannan zango, ta sa malami ɗaya da mataimaki su kula da shi, a share ƙura a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama, a kuma zo da littattafan taro na gaba mu duba su tare. Masu kwamfuta a gida su koya wa yaransu haka.