Yadda ake koya wa kwamfutoci haɗa baki

Manyan kamfanoni irin su Google ba sa damƙa bayanansu a hannun kwamfuta guda. Kwamfutoci ne da yawa a wurare daban-daban, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya ko da wata ta mutu ko layi ya yanke. Wannan darasi ne mai zaman kansa a jami'a, kuma yana ba ɗalibai wuya ƙwarai.

A 1982 Leslie Lamport da abokan aikinsa biyu suka tabbatar cewa idan kwamfuta ɗaya na iya yin ƙarya, kuma saƙonni ba su da sa hannu, sai an haɗa aƙalla huɗu kafin a tsayar da magana. Uku ba su isa ba.

Daga baya Lamport ya fito da Paxos, wani tsari na sa kwamfutoci su haɗa baki, amma fahimtarsa ta gagari mutane da dama. Shi ya sa a 2014 Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka gabatar da nasu tsarin mai suna Raft, suka ma gwada sauƙinsa a kan ɗalibai.

Ni a ganina allo kaɗai bai wadatar ba. Malam ya sa ɗalibi ya haɗa kwamfutoci biyar, ya kashe biyu da hannunsa, har da wadda ke shugabantarsu, ya ga yadda sauran ukun za su zaɓi sabon shugaba.