Ƙailular Dattijanmu: Hutu da Abin Lura



Batun da muka zo da shi bana shi ne barcin rana na tsofaffinmu, wanda malamai ke kira ƙailula. Kowa ya san yadda rana ke ƙwallewa a ƙasar Haɗejiya daga Maris zuwa Mayu, har zafi ya haura digiri 40. Manomin rani a Auyo da masunci a Guri ko Kirikasamma tun asuba suke fita, sai rana ta take su koma inuwa su kishingiɗa. Wannan al'ada ce da addini ya ƙarfafa, domin aya ta 58 ta Suratun Nur ta ambaci tsakar rana cikin lokutan da mutum ke keɓewa ya huta.

Masana ma sun duba lamarin. A shekarar 2007 an wallafa wani bincike da aka yi a ƙasar Girka a kan mutane fiye da 23,000, aka ga masu ƙailula a kai a kai sun fi ƙarancin mutuwa da ciwon zuciya. Amma a 2022 wani binciken a Amurka, wanda ya bibiyi tsofaffi 1,401 har tsawon shekara 14, ya nuna cewa waɗanda barcinsu na rana ya wuce awa guda sun fi fuskantar ciwon mantuwa. Ashe ke nan gajeriyar ƙailula hutu ce, doguwa kuwa tana iya zama alamar wani ciwo da ke ɓoye.

A nan ne hakkinmu ya shigo. Dattijo da yawa yana gyangyaɗi da rana ne don bai samu barcin dare ba. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogi ta sauya, kachala ta toshe hanyoyinsa, ruwa ya riƙa kwanciya kusa da gidaje, sauro ya samu wurin zama. Wani kuma yawan tashi fitsari ne ke hana shi barci, wanda sau da yawa alamar ciwon suga ne. Mu kuwa sai mu ce tsufa ne, mu wuce.

Don haka muna ba ƙungiyarmu shawara uku. Na farko, kowane gida ya tanadar wa tsohonsa gidan sauro da wurin kwana mai iska. Na biyu, ƙailula ta tsaya kusan rabin awa, kada ta kai la'asar. Na uku, idan barcin dattijo ya ƙaru ba gaira ba dalili, ko ya fara manta sunayen jikokinsa, a kai shi Babban Asibitin Haɗejiya a auna jininsa da sugansa. Rigakafi ya fi magani.

Waɗanda ke aiki a Kano, Abuja ko Legas, idan kun yi waya gida, ku tambayi yadda Baba da Inna ke barci kamar yadda kuke tambayar abincinsu. Sun hana idonsu barci dominmu muna jarirai, yanzu bashin yana kanmu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Wassalamu alaikum.