Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Matasa Masu Gyaran Kayan Lantarki a Maraɗi

 

Wakilin mai girma Gwamnan jihar Maraɗi, wakilan masu martaba Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, Allah ya ƙara wa iyayen ƙasa lafiya da yawan rai. Malaman da suka yi wahalar horon nan, iyaye maza da mata, da ku ƴaƴanmu da ake yayewa yau, ina yi muku barka da wannan rana.

Tun daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo mana, gidaje da shaguna da yawa suka koma ga hasken rana. A Jiratawa, inda ake noman rani a fili mai kusan hekta 500, famfon lantarki ne ke jawo ruwan da zogale da albasa ke sha. Galibin irin waɗannan na'urori suna da koren allo a cikinsu, wanda aka jera wa ƙananan kaya a kan siraran layukan tagulla. Ranar da allon ya mutu, gona ta kwana da ƙishi.

Kun buɗe isassun na'urori, kun ga abin da ke kashe allon a nan ƙasar. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta. Damina ta zo, ƙurar ta sha laima ta zama hanyar da wuta ke bi. Sai ku tarar da ƙafafun kaya sun yi kore, ko wani farin gari ya tsiro tsakanin layuka biyu da bai kamata su taɓa juna ba. Ga tsaka da kyankyaso masu neman ɗumi. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40.

Maganin da masana'antu suka samo shi ne shafa wa allon wani ruwan kariya mai bushewa garau, na akirilik ko silikon ko makamantansu. Na akirilik kaurinsa bai wuce maikuron 30 zuwa 130 ba, kusan kaurin silin gashi. Amma ba ko'ina ake shafawa ba. Idan ya shiga bakin da ake soka waya, ko ya taɓa makunni, to ya toshe wutar da ake so ta wuce. Da can sai ma'aikaci ya bi allon da ɗan salatif yana liƙe wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda marini ke ɗaure inda ba ya son baba ya kama. Yanzu akwai injin da ake ba taswirar allon a kwamfuta. Bakinsa na tafiya gaba da baya, ya sauka ya tashi, ya zuba inda aka umarce shi, ya tsaya cak a gefen inda aka hana shi. Allo na dubu zai fito daidai da na farko. Kamfanoni irin su Nordson da PVA na Amurka suna ƙera shi. A ƙarshe a haska allon da irin fitilar da ake duba jabun kuɗi, inda aka shafa ya yi shuɗi, inda aka tsallake ya tona kansa.

Ƴaƴana, ba gobe ne za ku sayi wannan inji ba, kuɗinsa ya fi ƙarfin shago. Iliminsa kuwa yana hannunku. Duk lokacin da kuka ƙona shafen da bakin ƙarfe don canza wani abu, kun bar ƙofa a buɗe. Ku wanke wurin da sipirit, ku bari ya bushe sarai, sannan ku mayar da shafen da ɗan burushi. Shafa a kan datti ko danshi rufe cuta ne. Na san wasu na cewa gyara mai ɗorewa yana rage ciniki. Ban yarda ba. Manomin da famfonsa ya wuce damina biyu lafiya, shi zai kawo muku duk maƙwabtansa.

Ina roƙon alhazanmu masu shigo da kaya daga Kano da Dubai da Sin, su riƙa tambaya kafin su biya: an shafa wa allon kariya ko ba a shafa ba? Ina kuma roƙon Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƴan kasuwar garin nan su haɗa hannu a samar da ɗakin aiki guda mai wannan inji, domin yaran nan su koyi sarrafa shi a gida.

Allah ya sa albarka a takardun shaidar da za ku karɓa, ya saka wa malamanku da iyayenku da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.